AMYA A BAKIN GONA: AIKIN BAZARA DA HAKKIN MAƘWABCI

Ga shi bazara ta kama, rana tana ƙuna, ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, manoma kuwa sun shiga sharar gona da kai taki, kowa idonsa yana gabas yana jiran hadari. Wanda ya ratsa gonakin Kunci da na maƙwabtanta, Bichi da Tsanyawa da Kazaure, in ya ɗaga kai ya dubi rassan ɗorawa da tsamiya da kuka, zai hangi wasu dogayen kwanduna na ciyawa a ɗaure can sama. Amyoyi ke nan, gidajen da kakanninmu suka koya mana saƙa wa ƙudan zuma, a yaɓe cikinsu da kashin shanu, a turara su, a rataye, a jira ikon Allah.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata ƙwarya da aka kawo mana. A wata kaka da ta wuce, wani dattijo na ikkilisiyarmu ya yi mana sallama tun da sassafe, da ƙwarya a rufe da faifai. Da ya buɗe sai muka ga cike take da matattun ƙudan zuma. Ya ce, "Malam, dubi abin da ɗan'uwana a cikin Almasihu ya yi mini." Amya bakwai gare shi a kan ɗorawa biyu a bakin gonarsa. Gonar da ke jikin tasa ta wani saurayi ce, ɗan ƙungiyar mawaƙa. Wakensa ya yi fure, tsutsa ta kama shi, sai ya ari famfon feshi ya fesa magani da hantsi. Kafin kwana uku amya huɗu sun yi tsit.

Da muka kira saurayin, ya durƙusa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma ni wakena na fesa wa, ko kusa da bishiyarku ban je ba." Gaskiya ya faɗi. Dattijon ma gaskiya ya faɗi. Duk da haka sai da suka yi wata biyu ba gaisuwa, dattijon har ya daina zuwa cin Jibin Ubangiji. Tun daga ranar muka gane cewa a ƙasa irin tamu, kiwon zuma ya fi ƙarfin mai amya shi kaɗai. Bazara kuwa ita ce lokacin yin wannan magana, tun iri bai shiga ƙasa ba.

ƘASAR DA GONA KE JIKIN GONA

A wasu wurare mai zuma yakan kai amyarsa can cikin kurmi, inda ba mutum ba gona. Mu ba mu da wannan sarari. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya soma nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano tun cikin shekarun 1960. Abin da ya bayyana wa duniya shi ne abin da kowane yaro a nan ya sani: mutane sun yi yawa, gona tana jikin gona, ana nome wuri guda kowace shekara ba hutu, da taki da dabbobi da itatuwan da aka bari a tsakiyar gona ake riƙe ƙarfin ƙasa.

Ƙudan zuma kuwa ba su san iyakar gona ba. Sukan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 daga amya wajen neman fure. In muka ɗauki kilomita 2 kawai ta kowace fuska, filin da amya guda ke kiwo a cikinsa ya haura hekta 1,200. A ƙasarmu wannan fili gonakin ɗaruruwan magidanta ne, Kirista da Musulmi, dangi da bare. Watau duk kwalbar zumar da mai amya ya kai kasuwa, daga gonakin maƙwabtansa aka tattaro ta. Haka nan duk abin da maƙwabtan suka zuba a gonakinsu, mai kyau da mugu, yana iya ƙarewa a cikin amyarsa.

ABIN DA GONA KE SAMU

Kada wani ya ce ai ribar ta mai amya ce kawai. Sa'ad da ƙudan zuma ke bin furanni suna shan ruwan zaƙinsu, jikinsu yakan kwashi bununi, watau garin fure, daga wannan fure zuwa wancan. Da haka ne shuka da yawa ke ɗaukar 'ya'ya. Wani babban rahoto da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na ire-iren manyan amfanin gona na duniya suna ƙaruwa da wannan aiki na ƙwari da tsuntsaye da jemagu.

Sai dai mu faɗi gaskiya yadda take. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan aiki. Gyaɗa da wake kuma galibi furensu da kansa yake ɗaukar 'ya'ya. Amma kankana da kabewa da gurji, in babu ƙwari, sai fure ya zube a banza. Mai neman irin albasa yana bukatarsu, haka mangwaro da kaɗanya. A ƙasar Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kama da namu, wani bincike da aka buga a 2017 ya gwada rufe furanni don kada ƙudan zuma su kai gare su. Amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuwa da kashi 59. Riɗi a yau yana cikin abubuwan da ke kawo wa manomin Kano da Jigawa kuɗi. Saboda haka wanda ke da amya a bakin gonarka ya ba ka 'yan ƙwadago dubbai waɗanda ba sa neman lada ko abincin rana.

BAZARARMU BA IRIN TA TURAI BA CE

Littattafan kiwon zuma da yawa a Turai da Amurka aka rubuta su. Can abin tsoro shi ne sanyi. Ƙudansu sukan dunƙule a cikin gida wata da watanni, sa'an nan in ƙanƙara ta narke mai su ya buɗe ya ga waɗanda suka rayu. Mu a nan zafi da ƙishirwa da wuta ne ke korar mana zuma. Ƙudan zumar ƙasarmu kuma suna da wata ɗabi'a: in wuri ya yi musu tsanani ba sa zama su mutu, sai su tashi gaba ɗaya su yi ƙaura, ka wayi gari ka tarar da amya wayam. Aikin bazara duka na hana wannan ƙaura ne.

Na farko, inuwa. Ƙudan zuma suna riƙe ɗumin wurin da ƙwai da 'ya'yansu suke a kan kimanin digiri 35. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40. Amyar da rana ke duka kai tsaye, saƙarta takan yi laushi ta faɗi, zuma ta malale ta kashe 'ya'ya. A duba bishiyar da amya take, ko tana da ganye a wannan lokaci. In babu, a yi wa amyar rufi da zana ko bunu, a bar sarari tsakani domin iska ta ratsa.

Na biyu, ruwa. Da ruwa suke sanyaya gida: su ɗebo, su shafa a kan saƙa, su yi ta fifita da fikafikansu. In ba su sami ruwa kusa ba, sai su tafi bakin rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, inda mata da yara ke ɗiba, daga nan kuwa rigima ke tashi. A sami kasko ko tsohuwar tasa, a zuba tsakuwa ko guntayen kara domin su sami wurin sauka kada su nutse, a ajiye a inuwa kusa da amya, a riƙa cikawa kowace safiya. A fara tun da wuri, gama in suka saba da rijiyar gari da wuya a raba su da ita. Wannan aiki ne da yaro ɗan firamare zai iya yi kafin ya tafi makaranta, muddin an ajiye kaskon ɗan nesa da bakin amya.

Na uku, abokan gaba. Tururuwa da cinnaka suna iya korar gida guda a dare ɗaya. In amya a kan ƙafafu take, a sa kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai, a kuma sare duk ciyawa ko reshen da ya taɓa ta. Akwai kuma tsutsar asu mai cin kaki, wadda ke kama gidan da ya yi rauni. Amyar da ƙuda suka bari, a sauko da ita, a kankare tsohuwar saƙa, a babbaka cikinta kaɗan, a sake yaɓe. In za a mayar, a goga kakin zuma a ciki, ko a murza ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake dafa shayi da ita, gama ƙamshinta yana jawo su.

Na huɗu, wutar sharar gona. Kowa ya san yadda muke tara kara da ƙaya mu cinna musu wuta a wannan lokaci. Kada a tara a gindin bishiyar da ke da amya, ko taka ce ko ta wani. Hayaƙi da zafin wuni guda sun isa su sa ƙaura.

Na biyar, shirin damina. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, guguwar farkon damina kuwa ita ce ke kayar da amya. A sake igiyoyi, a juya bakin amya daga wajen da iska ke bugowa, a ɗan sunkuyar da shi ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

ƊIBAR ZUMA: KADA A CI HAR DA IRI

Hausawa sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Amma yadda da yawa daga cikinmu ke ɗiba, ƙudan ne ke shan wahalar. A hau bishiya da dare da damin ciyawa mai ci da wuta, a ƙone su, a kwashe saƙa duka har da 'ya'ya, a matse. Zumar takan fito da ƙaurin hayaƙi da toka, gidan kuwa ya mutu. Wannan daidai yake da manomin da ya cinye irinsa a rani.

Hayaƙi mai sanyi ake bukata, na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, a cikin gwangwani mai zugazugi wanda maƙerin gari zai iya haɗawa. A ɗebi saƙar da ƙuda suka riga suka rufe bakinta da kaki, gama ita ce zumar da ta nuna, ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Wadda ba a rufe ba takan yi tsami a kwalba. Saƙar da ke da ƙwai da 'ya'ya kada a taɓa ta ko kaɗan. Sa'an nan a bar musu saƙa biyu ko uku na zuma. Dalili kuwa mun san shi a jikinmu. Kamar yadda rumbu kan yi ƙasa a tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna, haka su ma suke da lokacin yunwa, daga sa'ad da itatuwa suka gama fure har zuwa lokacin da amfanin gona da ciyayi za su yi nasu. Littafin Karin Magana sura 25 ya gargaɗe mu a kan zarin cin zuma. Gargaɗin ya shafi mai ɗiba kamar yadda ya shafi mai sha.

Amyar gargajiya ma ana iya gyara ta ta dace da wannan. A 2007 masu tonon kayan tarihi suka gano wani wurin kiwon zuma a Tel Rehob, a kwarin Urdun a ƙasar Isra'ila, na wajen shekara 900 kafin haihuwar Almasihu, watau zamanin sarakunan da muke karantawa a Tsohon Alkawari. Amyoyin na yumɓu ne da ciyawa, dogaye kamar namu. A gefe guda akwai 'yar ƙofa ta shigar ƙuda, a ɗaya gefen kuma murfi wanda mai zuma ke buɗewa. Da yake ƙuda sukan ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma kuwa can ciki, wanda ya buɗe ta baya zai ɗebi rabonsa ba tare da ya rushe gidan ba. Masu saƙa amya a cikinmu su riƙa yi mata murfi ta baya.

Wanda ke da hali yana iya gwada akwatin katako. Wani fasto ne a Amurka, Lorenzo Langstroth, ya lura a 1851 cewa in aka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin saƙa da bango, ƙuda ba sa toshe ta, saboda haka ana iya zare saƙa ɗaya ɗaya a duba a mayar. A farkon shekarun 1970 kuma aka fito da wani akwati mai sauƙi a ƙasar Kenya, tare da masana na Jami'ar Guelph ta Kanada. Dogon akwati ne mai kama da kwami, a jera 'yan katakai a samansa, kowane ɗaya ƙuda su rataya saƙa guda a jikinsa. Kafintan ƙauye zai iya yin sa, in dai ya kiyaye faɗin kowane katako ya zama milimita 32 daidai.

In an ɗebo, a tace da tsabtataccen ƙyalle, kada a dafa, kada ruwa ya taɓa ta. Kada a zubar da kaki, gama ƙuda sukan ci kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su yi kilo guda nasa, ana kuma yin kyandir da man shafawa da man takalmi da shi. Mai bi kada ya gauraya zuma da narkakken sukari ya sayar, wannan mudun ƙarya ne. Iyaye mata kuma su kiyaye: likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara guda ba zuma, ko ɗan lasawa, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba.

HAKKIN DA KE KAN MAI AMYA

Tun da muna neman manomi ya tausaya wa ƙuda, dole mai amya ya tausaya wa manomi. Ƙudan zumar Afirka ta Yamma masu zafin rai ne. Jaki ko akuyar da aka ɗaure a turke ba ta da hanyar gudu, harbi kuwa in ya yi yawa yana kashe dabba, yana kashe mutum. Masu koyar da kiwon zuma sukan ba da shawara a nisanta amya da kamar mita 100 ko fiye daga hanya da rijiya da makaranta da majami'a da masallaci da turken dabbobi. In amya a ƙasa take, a kewaye ta da darni ko zana mai tsawo, domin ƙuda in sun fito su tashi sama su wuce kan mutane.

Kada a buɗe amya da rana sa'ad da mutane ke aiki a gonakin kewaye. A bari sai gab da magariba, a kuma sanar da maƙwabta. Ranar da maƙwabci zai kawo shanun huɗa kusa da bishiyar, kada a taɓa amya a ranar ko kwana guda kafinta. In ƙuda suka taso wa mutum, ya rufe fuskarsa ya ruga ya shiga ɗaki, kada ya tsaya yana kaɗa hannu. A kankare ƙarin da farce da sauri. Wanda kuwa aka ga fuskarsa ko maƙogwaronsa yana kumbura, ko numfashi yana yi masa wuya, ko jiri ya kama shi, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da harbi guda ne.

HAKKIN DA KE KAN MAI FESHI

Ba mu ce kada a yi feshi ba. Wanda ya taɓa noma wake ya san abin da tsutsa ke yi wa fure da kwanso. Tun 2016 kuma, da baƙuwar tsutsar masara ta ɓullo a Nijeriya daga nahiyar Amurka, feshi ya ƙaru ƙwarai. Masu noman rani a bakin kogin Gari ma suna fesa wa kankana da albasa da tumatir, a daidai lokacin da ƙuda ba su da wani koren wuri sai nan. Yawancin magungunan da ke kashe tsutsa suna kashe ƙudan zuma. Abin ya kai ga a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Ga abin da manomi zai iya yi ba tare da ya yi hasarar ko kwabo ba. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin tsakar rana ya rufe, ƙuda kuwa da safe suka fi kiwo. Saboda haka a yi feshi da yamma liƙis, sa'ad da suka koma gida, maganin ya kwana ya bushe. Kada a fesa ranar da ake iska. Masara a zuba mata magani a cikin kunnenta inda tsutsar ke ɓuya, tun ba ta fid da kai ba, gama in ta yi bununi ƙuda sukan rufe ta. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, ƙari a kan haka ɓarnar kuɗi ce da lafiya. Kada a wanke famfon feshi a kududdufi ko bakin rijiya. Akwai kuma irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019. An sarrafa ƙwayar halittarsa domin ya jure wa tsutsar kwanso, masu shi sun ce feshi biyu ya ishe shi a maimakon shida zuwa takwas. Wanda ke so ya nemi bayani wurin malamin gona ya yanke wa kansa shawara.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne magana. A gaya wa mai amya kwana guda ko biyu kafin feshi. Shi kuma sai ya cika musu kaskon ruwa, in da hali ya lulluɓe amyar da jiƙaƙƙen buhu na ɗan lokaci, amma kada ya toshe ta ruf, zafi zai kashe su. Alamar guba ita ce tarin matattun ƙuda a bakin amya, wasu suna rarrafe suna karkarwa, harshe a waje. Irin abin da muka gani a ƙwaryar dattijon nan ke nan.

ITATUWA SU NE RUMBUN ƘUDA

Daga kaka zuwa damina, wata bakwai ko fiye, gonakinmu ba su da fure. Itatuwa ne ke ciyar da ƙuda, kowace da lokacinta. Gawo yana fure a farkon rani, mangwaro da kaɗanya a lokacin ɗari, ɗorawa ta biyo da jajayen furanninta masu kama da tuntu, darbejiya ta karɓa da shigowar zafi, tsamiya kuma wajen faɗuwar ruwa. Duk bishiyar da aka sare aka yi gawayi, an rage wa ƙuda abincin wata guda.

'Yan'uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna mana hanya. Tun daga 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Sai ya shiga roƙonsu su bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran. Suka kira abin sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Yanzu da muke riƙe da gatari da adda muna shara, lokacin gwada wannan ke nan. A Littafin Firistoci sura 19 an umarci Isra'ilawa su bar gefen gona saboda matalauta da baƙi. Mu ma in muka bar gamba da 'yan ciyayi masu fure a kan iyaka, maimakon mu bi su da maganin ciyawa, ba mu yi hasara ba.

ABIN DA IKKILISIYA ZA TA YI

Mu koma kan dattijo da saurayi. Dattawan ikkilisiya suka zaunar da su bisa ga tsarin da Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 18. Ba a ci kowa tara ba. Saurayin ya yanko ciyawa ya zauna tare da dattijon suka saƙa sababbin amyoyi huɗu, a nan ya koyi sana'ar. Ya yi alkawari ba zai ƙara feshi ba sai da yamma, kuma sai ya aiko. Dattijon ya matsar da amya biyu da ke kan hanyar rijiya, waɗanda mata suka daɗe suna kuka da su shi bai sani ba. A ranar godiyar kaka ta shekarar da ta biyo, ya kawo kwalba biyu, ɗaya ya ajiye a gaban bagade, ɗaya ya miƙa wa saurayin ya ce, "Ɗana, karɓi, da furen gonarka a ciki."

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta karkara ta yi abu uku kafin ruwa ya sauka. A rubuta sunayen masu amya da wuraren da amyoyinsu suke. A sa maganar feshi a cikin sanarwar ranar Lahadi tun daga watan Yuli har a gama girbin wake. Sa'an nan dattawa su je wurin mai unguwa da dagaci domin maganar ta game gari duka, gama mu kaɗai ba za mu iya ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama zuma ƙwarai, a Alƙur'ani ma akwai sura guda, ta 16, mai sunan ƙudan zuma. Wannan magana ce da za mu zauna a tabarma ɗaya mu yi ta ba gardama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma, tun daga 2018 ake kiyaye ta. Ta faɗo daidai ƙarshen bazararmu, ta dace da irin wannan zama.

Aikin farko da Allah ya danƙa wa Adamu shi ne lura da gona. Gonar da aka ba mu ƙarama ce, ta maƙwabci kuma tana jikinta. Yau da yamma, in rana ta yi sanyi, mai amya ya leƙa gidan mai wake, mai wake ya leƙa gidan mai amya, a gaisa, a yi shawara. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dabbobinmu, ya cika rumbu da amya, ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.